Mudun Amurka Ba Ya Awo a Banex



Akwai wata ɗabi'a da ta kama matasanmu masu sha'awar kayan fasaha a nan Abuja, wadda nake ganin ya kamata mu zauna mu dube ta da idon basira. Da zarar wani kamfani ya fito da sabuwar waya ko kwamfuta, sai kowa ya garzaya YouTube ya ji me Marques Brownlee ya ce, me mutanen Linus Tech Tips suka ce. Kashegari kuma sai ka iske musu ya kaure a ofis da majalisar bakin titi da zaurukan WhatsApp. Wannan ya ce iPhone, wancan ya ce Samsung. Wannan ya ce PlayStation, wancan ya rantse sai kwamfutar da mutum ya harhaɗa da hannunsa. Kowa da hujjarsa, to amma in ka kasa kunne da kyau za ka ji hujjar nan aro ce, daga bakin wani mutum da ke zaune a Amurka ko Kanada.

Ni ma ma'abocin waɗannan shirye-shirye ne tun ina zaune a Ingila, kuma har gobe ina kallonsu. Mutanen sun san aikinsu, ba na zarginsu da ƙarya. Matsalar ita ce mudun da suke awo da shi na kasuwarsu ne. Shi kuwa mai sayayya a Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, ko Farm Centre a Kano, da kuɗin da ya sha wahala kafin ya tara zai biya, kuma a gidan da ake ɗauke wuta zai yi amfani da abin da ya saya. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Ra'ayin aro ma haka yake.

Wuta, Zafi da Ƙura

Bari mu fara da abin da mai sharhi na can bai taɓa sa shi cikin lissafi ba, wato wutar lantarki. A wurinsa soket ɗin bango kamar iskar shaƙa yake, kullum yana nan. Shi ya sa zai shafe minti goma yana yabon kyan fuskar waya da siririn jikinta, ya taɓo zancen batir a minti ɗaya ya wuce. A nan kuwa batir shi ne rai. Wayar da ba za ta kai ka daga asuba zuwa isha'i ba, ko da kyamararta na iya ɗauko hoton ramukan da ke jikin wata, ta zama kaya a aljihu.

Ɗauki misalin katin zane da 'yan wasan kwamfuta ke mafarkin mallaka. RTX 5090 da kamfanin Nvidia ya fitar a watan Janairun 2025 yana iya jan wat 575 shi kaɗai, farashinsa na kamfani kuma dala 1,999. A canjin shekarar 2025, lokacin da dala ke yawo wajen naira 1,500, kusan naira miliyan 3 ke nan, tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin dako da ribarsa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ka ga ke nan kati ɗaya ya lashe albashin shekara uku da rabi na ƙaramin ma'aikaci.

To a ce ma ka saya. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo ɗari biyu da 'yan kai. Mu ƙaddara kwamfutarka gaba ɗaya tana jan wat 700, kana wasa awa 4 kullum. A wata za ka ƙone yunit 84, wajen naira 17,000 ke nan, ba a sa fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Wannan fa ga wanda yake da wutar. Wanda ba shi da ita, ƙaramin janareta Tiger da muka saba da shi ba zai ɗauki wannan kaya ba, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareta ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Wane mai sharhi ne a can ya taɓa yi maka wannan lissafi?

Sai zafi. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salsiyos ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Berger ko Area 1 da azahar a watan Maris ya san Abuja na wuce wannan. Zafi kuwa shi ne babban maƙiyin batir irin na wayoyin zamani, yana tsufar da shi da wuri. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda daga Disamba zuwa Fabrairu take shiga fankar kwamfuta ta toshe hanyar iska, sai ka ji laftof na huci tana nauyi, mai ita yana zaton ƙwayar cuta ce ta shiga, alhali burushi da iskar hurawa kawai take buƙata.

Darasin Nokia da Tecno

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana sabuwa ce. Kasuwa ta daɗe da yanke hukunci a kai, mu ne dai 'yan boko ba mu saurara ba.

Waɗanda suka ga shigowar wayar salula a watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, za su tuna yadda layi kaɗai ya kai dubunnan nairori, kuma ana cajin kira ne da minti, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. A wannan shekara ta 2003 ce Nokia ta fitar da 1100. Ba kyamara, ba launi, ba kiɗan a-zo-a-gani. Amma tana da tocila a ka, madannanta a rufe suke ƙura ba ta shiga, batirinta na kwanaki, in ta faɗi ka tsince ta ka haɗa ta ci gaba da aiki. An sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, abin da ya sa ta cikin wayoyin da aka fi saye a tarihi. Wannan 'yar tocila ta yi wa talakan Nijeriya amfanin da wayoyi masu tsada da yawa ba su yi masa ba.

Daga baya wani ɗan China mai suna Zhu Zhaojiang ya kafa kamfanin Transsion a 2006, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya kuma fuskanci Afirka gadan-gadan. Me ya lura da shi? Ya ga muna yawo da waya biyu ko uku saboda kira tsakanin layi da layi na da tsada, kuma sabis ɗin wannan na ɗaukewa inda na wancan ke kamawa, sai ya yi mana waya mai layi biyu. Ya ga hotunanmu na fita duhu, sai ya gyara kyamara ta dace da baƙar fata. Ya ƙara girman batir, ya sa Hausa da Suwahili da Amharik cikin harsunan waya, ya buɗe shagunan gyara na Carlcare. A 'yan shekarun nan kusan rabin wayoyin zamani da ake shigowa da su Afirka nasa ne, alhali manyan masu sharhi na Amurka da wuya su ambaci sunansa, don ba a can yake cin kasuwarsa ba.

Ba ina cewa Tecno ba ta da aibi ba ne. Masu amfani da ita na kukan tallace-tallace da manhajojin da ba su nema ba. A 2020 ma masu binciken tsaro sun gano wata muguwar manhaja da ta zo a cikin dubban wayoyin Tecno W2, wadda ke cinye wa mutane data da kuɗi a ɓoye, kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta fito. Amma ka lura, ko wannan aibin ma namu ne, mu ya shafa, kuma mu ya kamata mu riƙa bin diddiginsa. Wanda bai taɓa riƙe wayar ba ba zai yi mana wannan aiki ba.

Abin da Ya Faru a Galadima

In da a aljihun ɗaiɗaikun mutane abin ya tsaya da sauƙi. Gwamnati ma takan yi sayayya da ra'ayin aro, kuma misalin yana nan kusa da mu.

A watan Nuwamban 2005, a wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Tunis, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT tare da Kofi Annan suka nuna wa duniya wata 'yar kwamfuta da aka ce za a sayar dala 100, kowane yaro a ƙasashe masu tasowa ya samu tasa. Masu sha'awar fasaha a duniya suka yi ta tafi. Gwamnatin Obasanjo ta nuna sha'awar sayen miliyan guda. A 2007 aka fara gwaji a makarantar firamare ta Galadima a nan Abuja, aka raba wa yara wajen guda 300, yayin da kamfanin Intel shi ma yake gwada tasa mai suna Classmate a wata sakandare a Jabi.

A gaskiya na'urar kanta an yi tunani wajen ƙera ta. Ana iya karanta fuskarta a cikin rana, ba ta jan wuta da yawa, madannanta na roba ne saboda ƙura. To amma farashin ya tashi ya doshi dala 200, ga matsalar caji, ga kuɗin intanet, ga malaman da ba a gama horarwa ba, ga tambayar wa zai kawo kayan gyara in ta lalace. Ministan ilimi na wancan lokaci, Igwe Aja-Nwachuku, ya fito fili ya nuna shakkunsa kan raba kwamfuta ga yaran da ko kujerar zama ba su da ita. Miliyan ɗin nan dai ba a saya ba.

Darasin da na ɗauka shi ne na'ura ba ita kaɗai take rayuwa ba. Tana buƙatar wuta, da mai gyara, da kayan gyara, da wanda ya iya koyar da ita. In ka sayi na'ura ba tare da waɗannan ba, rabin kaya ka saya. Kuma duk lokacin da na ji wani gwamna ko hukuma na shelar raba wa ɗalibai kwamfutoci, Galadima nake tunawa.

'Yan Gem

Mu koma wajen 'yan wasa. Musun da ake yi a can shi ne wace na'ura ta fi fitar da hoto garau, wace ta fi yawan hotuna a daƙiƙa. Mu kuwa tarihin wasanmu a gidan gem yake: ɗan shago, benci biyu, talabijin, PlayStation 2, da yara goma suna jiran layi a buga Winning Eleven, wanda aka ci ya tashi ya biya. Na'ura ɗaya ta wadatar da unguwa guda. Faifai ɗaya ya zaga gida biyar.

Yanzu kamfanoni sun karkata ga sayar da wasa ta intanet. PlayStation 5 da ta fito a 2020 har da samfurin da ba shi da wurin sa faifai. Wasu wasannin sun haura gigabait 100, kuma kowane 'yan makonni sai sun nemi sabuntawa. Ga mai intanet marar iyaka wannan ci gaba ne. Ga wanda ke sayen data da awo, musamman bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan haraji ne. Kuma wasan da ka saya ta intanet ba za ka ara wa ƙaninka ba, ba za ka kai Banex ka yi musaya ba. Don haka in matashi ya tambaye ni, nakan ce ya nemi mai cin faifai ko da ta ɗan fi tsada. Haka kuma ban ga dalilin raina masu buga eFootball ko Call of Duty a waya ba. Waya ce na'urar wasan da yawancinmu muka mallaka, kuma ita ce ba ta mutuwa in an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa.

Mai Gyara Ya Fi Mai Sharhi Sani

Duk wanda yake son ra'ayi na gaskiya a kan wata waya ko laftof, ya je ya zauna wajen masu gyara na awa ɗaya. Su ne suka san wace waya ce wurin cajinta ke saurin lalacewa, wace laftof ce maƙallin murfinta ke karyewa, wace fuska ce ake samu a kasuwa, wace ce sai an yi odar ta daga China a jira makonni. Mai sharhi ya riƙe na'ura mako biyu tana sabuwa. Mai gyara kuwa yana ganin ta bayan shekara biyu, cikinta a buɗe. Na taɓa kai wata laftof gyara, yaron da bai fi shekara ashirin ba ya dube ta ya ce, "Yallabai, irin wannan ai ko ba ka faɗa ba na san ciwonta, wannan makon ita ce ta huɗu." Gani ya kori ji.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Kaya ne masu ƙwari, kuma ana samun kayan gyaransu. Sai dai akwai abin lura. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman masarrafar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama. Ma'ana, tsofaffin kwamfutocin da can suke zubarwa saboda wannan dalili, kasuwanninmu za su nufo. Kafin ka biya, tambayi ƙarnin masarrafar. In kuma tsohuwa ce kake da ita, Linux na nan kyauta, za ta ƙara mata shekaru.

Haka batun waya. Tun daga iPhone 14 a 2022, samfurin da ake sayarwa a Amurka ba shi da wurin sa sim, sai layin da ake ɗorawa ta manhaja. 'Yan uwa mazauna can masu aiko da tsaraba, a riƙa tambaya kafin a sayo. Na'urorin da aka yi don wutar Amurka mai bolt 120 kaɗai ma a duba, tamu 230 ce.

Sannan ga garanti. A Ingila in ka sayi abu ya ba ka matsala, ka mayar, doka na bayanka. A nan sau da yawa garantinka shi ne fuskar mai shago da kirkinsa. Mazauna Abuja ba su manta da watan Mayun 2024 ba, lokacin da aka rufe Banex na tsawon kwanaki bayan rikici tsakanin wasu 'yan kasuwa da sojoji, wanda rahotanni suka ce a kan cinikin waya ya samo asali. Ka karɓi rasit, a rubuta lambar wayar ta IMEI a jiki, a rubuta kwanakin da aka ba ka na gwaji. Wannan 'yar takarda ta fi maka duk wani bidiyon buɗe kwali.

Har Mafarkin Ma na Aro Ne?

Abin da ya fi damuna shi ne aron bai tsaya a kan na'ura ba, ya kai ga yadda muke hango gobe. Ka tambayi matashi mai son ƙagaggun labaran kimiyya, zai lissafo maka Star Wars da Dune da The Matrix. Madalla, ni ma ina son su. Amma mutum nawa ne suka san cewa tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya, da Hausa tsantsa?

A 2009 fim ɗin District 9 ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin halittu. Ministar yaɗa labarai, marigayiya Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima na Abuja su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Ita kuwa marubuciya Nnedi Okorafor, haushin fim ɗin ne ya sa ta fara rubuta Lagoon, wanda ya fito a 2014, inda baƙin suka sauka a Legas. A ganina amsarta ta fi ta gwamnati tasiri, don hani ya wuce, littafi yana nan. Tade Thompson ma ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, labarin da ya gina a Nijeriyar nan gaba.

Mu a arewa fa? Abin rubutu bai ƙare mana ba. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa tana nan kan hanyar filin jirgi. Tauraronmu na sadarwa NigComSat-1, da aka harba daga China a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda faifansa na sola ya samu matsala, wuta ta ƙare masa. Jama'a suka yi ta barkwanci cewa har a sama an ɗauke mana wuta. To wannan ai labari ne da ke jiran marubuci. Yaya Kano za ta kasance in zafi ya ƙaru? Wa zai mallaki ruwa in Tafkin Chadi ya ci gaba da canzawa? Yaya kwamfuta mai tunani za ta yi da karin magana da habaici? Ba wanda zai yi mana wannan mafarki daga Kalifoniya.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan uwa masu sha'awar fasaha ita ce mu ci gaba da kallon masu sharhin waje don sanin me ake ciki, amma in an zo fitar da kuɗi mu auna da mudunmu. Awa nawa batirin ke yi a zafin Maris, da data a kunne? Wat nawa take ja, inbata ko solar gidana za ta ɗauka? In fuskar ta fashe, akwai ta a Banex, kuma nawa? Layi nawa take ci? Shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko da gyaran tsaro? Zan iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba? In na tashi sayarwa bayan shekara biyu, nawa za a taya?

Waɗanda Allah Ya hore wa sani da kyamara kuma, akwai masu sharhi 'yan Nijeriya da suka fara wannan aiki da Turanci, kuma suna ƙoƙari. Muna buƙatar ƙarin masu yi da Hausa, waɗanda za su riƙe waya wata shida kafin su yanke hukunci, su zauna da masu gyara, su faɗi farashi da naira, su kuma faɗa mana gaskiya in kamfani ne ya ba su kayan kyauta. Ɗalibar da mahaifinta ya sayar da amfanin gona ya saya mata laftof ɗin karatu, sau ɗaya za a yi mata wannan sayayya. Ta cancanci shawarar wanda ya san inda za ta yi caji.

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma yi wa dukiyarmu albarka. Sai mun sake haɗuwa.